Amsar Takardunku: Wace Sifika Zan Haɗa Wa Tsohon Rediyon Mahaifina?

Takardarmu ta wannan mako ta fito daga garin Babura ta Jihar Jigawa, daga hannun wani manomi mai ɗan shagon tireda a bakin kasuwa. Ya ce marigayi mahaifinsa ya bar masa wani babban rediyo ƙirar Sansui da ya zo da shi daga aikin hajji, irin mai fuskar azurfa da gefen katako, wanda ba ya magana sai an haɗa masa sifika daga waje. Sifikunsa na asali gara ta cinye su tuni. Bana ya sayar da riɗi, yana so ya tayar da shi ya ajiye a shago. Wani ya kawo masa sifikun mota guda huɗu da araha, wani kuma ya nuna masa kwali an rubuta wat 2000. Shi ne yake tambaya, wanne zai ɗauka?

To malam, Allah ya jiƙan mahaifi, mun kuma gode da takarda. A taƙaice dai, kada ka ɗauki ko ɗaya tukuna. Ka fara juya rediyon ka dubi bayansa.

Irin waɗannan rediyoyi, su Sansui da Pioneer da Kenwood da Akai, waɗanda aka ƙera a Japan a shekarun 1970, abu biyu ne a cikin akwati ɗaya: na'urar kama tasha, da amfilifaya mai tura sauti zuwa sifika. A wajen da ake ɗaura wayar sifika za ka ga an rubuta lamba, misali 4 zuwa 16, ko 8 zuwa 16, kusa da wata alama mai kama da kofaton doki. Wannan alama ita ake kira om. Ma'aunin yadda sifika ke tare wuta ne. Idan lambar om ɗin sifika babba ce, wuta kaɗan take ja; idan ƙarama ce, da yawa take ja. Kamar ramin kwata ne a kuyyar gona lokacin ban-ruwa: in ka faɗaɗa shi, ruwa ya kwararo fiye da yadda injin zai iya ɗauka. Sifikar ɗaki yawanci om 8 ce ko 6. Sifikar mota kuwa kusan kullum om 4 ce.

Ga inda haɗarin yake. A yawancin irin waɗannan rediyoyi, in ka ɗaura sifika biyu a gefe ɗaya, ko ka murɗa makunnin nan zuwa A+B don duka huɗun su yi magana, lambar om rabewa take yi biyu. Sifika biyu masu om 8 su koma 4, wannan da sauƙi. Amma biyu masu om 4 sai su koma 2, kuma tsohon amfilifaya ba a yi shi don om 2 ba. Da farko za ka ji ƙara ta ƙaru, har ka ce ka ci riba. Bayan ɗan lokaci saman akwatin ya ɗau zafi, balle a watan Afrilu ƙarƙashin rufin kwano, sai ka ji ƙauri, gefe ɗaya ya yi shiru. Abin da ya ƙone shi ne tiransistocin da ke tura sautin, waɗanda da yawansu an daina ƙera su da daɗewa. Mai gyara zai iya sa maka wasu a madadinsu, amma jabu sun yi yawa a kasuwa. Sifika in ta lalace ka sayi wata. Rediyon mahaifinka kuwa guda ɗaya ne. Don haka sifikun motar nan huɗu, ka ba mai su haƙuri.

Maganar wat 2000 kuwa, dariya ta ba mu a nan ɗakin shirye-shirye. In ka duba da kyau za ka ga haruffa PMPO kusa da lambar. Lissafin 'yan talla ne, ba shi da wata tsayayyar ƙa'ida. Lambar da ake dogara da ita ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta. Sannan wat ɗin da ke jikin sifika ba ƙarfin da za ta bayar ba ne, nauyin da za ta iya jurewa ne. Jaki mai iya ɗaukar buhu biyu ba shi ke kawo buhun ba. Matsakaitan rediyoyin wancan zamani suna ba da kamar wat 15 zuwa 50 a kowane gefe, kuma wannan ya wadaci shago har da rumfar gabansa. Sifika mai jure wat 40 zuwa 80 na gaskiya ta ishe ka.

Akwai wata lamba da masu sayarwa ba su cika ambata ba, alhali ta fi wat amfani gare ka. Ana rubuta ta da dB, kamar 86 ko 90. Tana nuna yawan ƙarar da sifika za ta yi in an ba ta wat 1, aka auna daga nisan mita 1. Duk bambancin 3 a wannan lamba daidai yake da ninka ƙarfin amfilifaya. Wato abin da mai 90 za ta yi da wat 10, mai 87 sai ta ci wat 20. Ƙananan sifikun zamani na ɗorawa kan kanta, 'yan cif-cif ɗin nan, galibi lambarsu ƙasa take, suna son amfilifaya mai ƙarfi. Ni a ganina, ga tsohon rediyo gara akwati matsakaici mai sifika ta inci 6 ko 8 da 'yar ƙaramar nan ta siririyar murya da ake kira tuwita, om 8, lambar dB daga 88 zuwa sama.

In ka tashi saye, tunda kana shiga Kano sarin kaya, ka leƙa wajen masu kayan lantarki a kasuwar Sabon Gari, akwai sababbi akwai na hannu. Na hannun sau da yawa sun fi dacewa da rediyonka, domin tsaransa ne. Amma ka tafi da batirin tocila guda ɗaya mai bolt 1.5 da 'yar waya a aljihu. Ka sa a cire ragar gaba. Dubi zoben da ya kewaye bakin takardar sifikar. In na soso ne, taɓa shi a hankali; soso yana ruɓewa da shekaru da zafi, wani yana taɓawa yake zama gari. Na roba ko na ƙyalle ya fi ƙarko a ƙasarmu. Sai ka baza yatsunka a kan takardar ka danna kaɗan. Ya kamata ta shiga ta dawo shiru. In ka ji ƙarar gogayya kamar yashi a ciki, koyil ɗin ya taɓa ƙonewa, ka bar ta ko da kyauta ce. Daga nan ka taɓa batirin a wayoyin biyu na ɗan lokaci kaɗan: za ka ji ƙwas, takardar ta motsa. In lambar om ta goge, ka roƙi mai shago ya ɗora mita. Sifika mai om 8 takan nuna wajen 6, mai om 4 ta nuna wajen 3. A ƙarshe a kunna maka su biyun tare, ka kara kunne a kowace tuwita, domin ita ce ke saurin mutuwa kuma ba a lura. Ka gwada da muryar mai labarai ko karatu, kada da kiɗa mai ƙugi kawai, don kiɗa yana rufa asirin sifika marar lafiya.

Duk sifikar da ke da fulogin wuta nata, ko mai Bluetooth, ba taka ba ce. Tana da amfilifaya a cikinta, haɗa ta da wayar sifikar rediyonka ɓarna ce. Lasifikar masallaci kuma don murya aka yi ta, ƙugi yana kashe ta.

Kafin ka ɗaura sababbin, kai rediyon wajen mai gyara ya hure ƙurar shekaru, ya auna bakin wayar sifika ya tabbatar ba ya zubo wutar da za ta ƙona su. Ya kuma duba makunnin bolt da ke baya. Wutarmu 220 zuwa 240 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100, kuma da yawan kayan da alhazai suka zo da su suna da abin juyawa tsakanin waɗannan. In yana kan 110 ka soka a wutar nepa ko janareto, magana ta ƙare tun ba a je ga sifika ba. In ka ga layin FM ɗinsa ya tsaya a 90, na cikin gidan Japan ne, ba zai kama tasha irin Freedom ta Kano da ke kan 99.5 ba. Yawancinsu kuma ba su da gajeren zango, saboda haka kada ka rabu da ƙaramin rediyonka na zuwa gona.

Wajen haɗawa, kashe wuta tukuna. Ja da ja, baƙi da baƙi, a gefen hagu da na dama. In ka juya ɗaya, ƙugin zai tsere, sauti ya zama fayau. Ka murɗe silin wayar sosai kada ko ɗaya ya taɓa ɗan'uwansa. Ɗora su kan kanta daidai kunnen wanda ke zaune, kamar taku biyu zuwa uku tsakaninsu, nesa da inda rufi ke yoyo da damina, domin akwatin garin katako in ya sha ruwa kumbura yake. In akwai rami a bayan akwatin, bar taƙi guda tsakaninsa da bango, ka kuma manna masa 'yar raga, don ɓeran shagon hatsi ba ya wuce ƙofa a buɗe. In kana ƙara murya ka ji ta fara tsagewa, rage nan take, ko da makunnin bai kai rabi ba. Da hunturu ka riƙa rufe su da zane in ka tashi, shi kuwa rediyon kada a rufe ramukan samansa yana aiki.

Da fatan malam na Babura ya gamsu. In ka je Kano ka dawo, ka rubuto mana abin da ka samo da yadda tsohon ya yi murya. A gaida mutanen Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa. Sai mun ji daga gare ku.