Kwalbar Giya A Jakar Matafiyi: Izinin Kwastan Ba Ya Halatta Haram

Wannan shi ne jawabin da wani malami ya gabatar ga 'yan uwa fatake, direbobi da ɗalibai masu tafiya ƙasashen waje.

Bayan yabo ga Allah (T) da salati ga Manzon Allah (S), malamin ya ce akwai wata jarrabawa da ke jiran matafiyi a filin jirgi, wadda ba kasafai ake maganarta ba. Sai maigidansa a wurin aiki, ko abokin cinikinsa, ya ce masa idan zai dawo ya biya kantin da ba a biyan kuɗin fito ya riƙo masa kwalba biyu ta giyar inabi, ai doka ta yarda tun da ba ta sayarwa ba ce. Sai kunya ta kama ɗan uwa, ya ce ai shi ba sha zai yi ba.

Malamin ya ce gaskiya ne ƙasashe da yawa sun ba da wannan dama. Wanda ya shiga Tarayyar Turai daga waje ana ƙyale shi da lita 4 ta giyar inabi ba fito. A Ingila, tun shekarar 2021, har lita 18 ake ƙyalewa. A Amurka lita ɗaya ce, kuma sai wanda ya kai shekara 21. To amma, in ji shi, ko a dokar tasu akwai sharaɗi: abin ya zama na mutum ne shi kansa ko na kyauta. A dokar Ingila, wanda aka ba kuɗi ya sayo wa wani ya fita daga wannan rangwame. Ke nan ɗan aiken da maigida ya danƙa wa kuɗi, ko a wajen ma'aikacin kwastan ɗin bai tsira ba.

Ya ci gaba da cewa dokar tana canzawa daga wannan iyaka zuwa waccan. A tsibiran Maldibs karɓe kwalbar ake yi a filin jirgi, a ajiye sai ranar da mai ita zai fita. A Burunai wanda ba Musulmi ba ne kaɗai ake bari ya shiga da kwalba biyu da gwangwani 12, kuma sai ya bayyana su a rubuce. Kuwait ta hana baki ɗaya. Saudiyya, inda alhazai ke sauka, ta haramta giya a 1952, bayan da wani ɗan Sarki Abdul'aziz mai suna Mishari ya harbe mataimakin ƙaramin jakadan Ingila, Cyril Ousman, a Jidda a 1951, a wurin wata liyafa da aka sha barasa.

Malamin ya ce duk da haka an bar wata ƙofa. Yarjejeniyar Biyana ta 1961 ta hana a buɗe jakar diflomasiyya ko a tsare ta, saboda haka ofisoshin jakadanci suka yi ta shigar da giya cikin kayansu. A watan Janairun 2024 aka buɗe kantin giya a unguwar jakadu da ke Riyad don jami'an diflomasiyya waɗanda ba Musulmi ba, hukuma tana cewa tana son ta sa ido ne a kan abin da ke shigowa.

Daga nan ya waiwayi tarihi. Ya ce a taron Burasel na 1890 ƙasashen Turai sun amince a hana kai barasa mai ƙarfi yankunan Afrika da ba su saba da ita ba, kuma Arewacin Nijeriya na cikin wuraren da aka hana. Amma Bature an bar masa damar shigo da ta shansa. Wato kalmar nan ta "amfanin kai" tsohuwar ƙofa ce, kuma tun asali ba don Musulmi aka yi ta ba.

A nan ne malamin ya zo kan hukunci. Ya ce kwastan yana tambayar lita nawa ce kuma ta wane ne, alhali Shari'a tana tambayar mene ne a cikin kwalbar. Aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida sun yi umarni ne da nisantar giya, kuma nisanta ya fi barin sha faɗi. Sannan hadisin Anas bin Malik, wanda Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito, ya lissafa mutum goma da aka la'anta a kan giya, a cikinsu har da mai ɗaukar ta da wanda aka kai wa da mai sayen ta. Saboda haka cewa "ni ɗan saƙo ne kawai" ba uzuri ba ne, domin ɗan saƙon ma an ambace shi.

Ya shawarci 'yan uwa da su faɗi gaskiya tun kafin tafiya, cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, a aike ni komai zan kawo, amma wannan addinina ya hana ni ɗauka." Ya ce mutumin kirki, Musulmi ne ko Kirista, ba zai riƙe wannan a zuci ba, kuma wanda ya ji a farko ba ya sake tambaya. Wanda kuwa yake tsoron rasa aiki ko ciniki, ya tuna cewa arziki a hannun Allah yake.

A ƙarshe ya gargaɗi direbobi da alhazai da kada su karɓi ƙunshin da ba su buɗe sun gani ba, domin a kan iyaka wanda aka kama da kaya shi ne mai kaya. Ya rufe da addu'ar Allah (T) Ya kai matafiya lafiya, Ya dawo da su da guzuri na halal.