Zoɓo da Kunun Matanmu: Batun Suna da Tambari a Jikin Kwalba



Kwamitin shirya taro ya nemi mu yi magana a kan sana'o'in cikin gida, mu kuwa muka ga fagen ya yi faɗi, sai muka tsakuro abu ɗaya daga ciki, wato 'yar takardar nan da ake mannawa a jikin kwalba, wadda wasu ke kira lebul, wasu sitika. Wataƙila wani ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, bai kai a tara dattawa a kansa ba. To, a bi mu bashin hujja.

Duk wanda ya ratsa kasuwar Dambatta ran Lahadi, ko ya tsaya a tashar Bichi da tsakar rana a watan bazara, zai ga yara ɗauke da kuloli cike da zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi da lemon citta. Da azumi kuwa abin ba a cewa komai. Wannan ciniki ne yake sayen littafin yaro da sabulun wanki a gidaje da dama, da shi ake zubin adashi, da shi ake tara kayan ɗakin 'ya mace. Amma ɗauki kwalba ɗaya ka juya ta. Ba sunan wadda ta dafa, ba ranar da aka dafa, ba abin da aka zuba a ciki. Sau da yawa ma takardar kamfanin ruwa ko na lemon da ya fara amfani da robar tana nan manne, tana shaidar abin da ba ta gani ba. Idan zoɓon ya yi daɗi, mai saye bai san wa zai nema gobe ba. Idan ya ɓata masa ciki, sai ya yi wa zoɓon garin kaf kuɗin goro, mai tsafta da marar tsafta duk su sha zagi tare.

Ba mu manta da abin da ya faru a birnin Kano a watannin Maris da Afrilu na 2021 ba, dab da azumi. Mutane suka riƙa kwarara asibiti da amai da fitsarin jini bayan sun sha abin sha da aka haɗa da garin da ake kira ɗan tsami. Kwamishinan lafiya na lokacin, Dakta Aminu Ibrahim Tsanyawa, ya bayyana cewa mutum 10 sun rasu, wajen 400 sun kwanta, wasunsu da ciwon ƙoda. Hukumar NAFDAC ta ce binciken da ta yi ya nuna wani sinadarin masana'antu ne mai guba aka sayar a matsayin ɗan tsami. Masu haɗa abin shan nan ba su yi nufin kisa ba. Sun sayi farin gari ne a ƙulle cikin leda, ba suna ba adireshi, suka zuba a kwalbar da ita ma ba suna ba adireshi, don haka da masifa ta auku sai aka rasa ta inda za a bi sawu da wuri. Duk wadda za ta sa sunanta a jikin kwalba kuwa, dole ta fara tambayar mai shago daga wane buhu ya auno mata.

Sanya alama a kaya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Makiyayi ya san shanunsa da shaidar da ke jikinsu, mai kai kaya rini yana ɗaura wa nasa alama, falke yana zana buhunsa tun kafin a loda wa jaki. Turawa doka suka ƙara wa abin. A Ingila, alamar kasuwanci ta farko da aka yi wa rajista, ranar 1 ga Janairun 1876, jan zane ne mai kusurwa uku na kamfanin giya mai suna Bass. Mu dai giya ba hajarmu ba ce, addini ya hana, dokar jiha ma ta hana tun da aka ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000, burukutun da Maguzawan karkarar nan suka saba dafawa da dawa kuwa a ƙwarya ake shansa a gindin tukunya, bai taɓa bukatar takarda ba. Abin da muke so a lura da shi kawai shi ne zane ɗaya mai sauƙi ya isa a gane kaya daga nesa.

Iyayenmu mata sun riga mu sanin wannan. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana aiken jika ya sayo mata Maggi mai tauraro, ko omo mai giwa, ko sabulu mai kwale-kwale, kuma ba a taɓa kawo mata wani daban ta karɓa ba. Saboda haka mai zoɓo ta fara zaɓar hoto tun kafin ta zaɓi suna. Hoto ɗaya tak, wanda yaro zai iya faɗa da baki: mai rimi, mai tulu, mai zabuwa, mai damin gero. Yaran da ke zana wa mutane a kwamfuta suna da ɗabi'ar cika takarda da tuffa da inabi da kankana, alhali ko ɗaya babu a cikin kwalbar. Wannan ado ne a ganinsu, a ganinmu kuwa ƙarya ce da aka yi da launi. Launi biyu sun wadatar, kuma a tuna zoɓo ja ne wur, jan rubutu a kansa ɓacewa yake yi, farar takarda da baƙin rubutu ko kore ita ce ke fitowa.

Wajen suna akwai abin da muke roƙo da babbar murya. Makomar kwalba juji ne ko kwata. Kada a rubuta Bismillah ko wata aya ko sunan Ubangiji a jikinta don neman albarkar ciniki, kuma wadda sunan maigidanta Abdullahi ko Abdurrahman ta nemi wani sunan ta sa. Sunan unguwa ko na gari ya fi, domin yana tallar mu duka. Amma rubutun ajami shi kansa muna goyon bayan a sa shi, layi ɗaya ƙarƙashin na boko. Dattawa da almajiran da ke karanta "naira dubu" a jikin takardar kuɗi da ajami, su ne dai masu sayen kunun.

Sai kuma haruffa masu ƙugiya, waɗanda muka shafe shekaru muna fama da su a kan allo. Idan mai bugawa ya ce injinsa ba shi da ƙ, a canja mai bugawa, domin yau kowace wayar hannu tana iya fitar da ita. Kunun zaƙi daban, kunun zaki daban, kuma ba mu san wanda ya taɓa dama wa zaki kunu ba.

Abin da hukuma take nema a jikin abincin da aka ƙunshe ba boyayye ba ne. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, kuma ta yi suna a zamanin Farfesa Dora Akunyili daga 2001 zuwa 2008, tana so a ga sunan abin, da kayan da aka haɗa shi da su a jere daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, da yawan abin da ke cikin kwalba, da suna da adireshin mai yi, da lambar rukunin dahuwa, da ranar yi da ranar da zai daina amfani, da yadda za a adana shi. Da Turanci ake son bayanin, amma ba a hana ƙara Hausa ba. A cikin waɗannan duka, rana ce ta fi damunmu. Kunun aya ba ya kwana idan ba sanyi, da zafin bazara ma kafin la'asar ya fara tsami, zoɓo ya ɗan fi shi juriya amma shi ma kwanakinsa ƙidayayyu ne, ga wutar lantarkin da kowa ya san halinta a ƙauyukanmu. Ba sai an buga sabuwar takarda kullum ba. A bar fili a rubuta "An dafa ran", sannan a cike da alƙalamin da ruwa ba ya wankewa, ko a sayi ɗan hatimin kwanan wata irin na ofis. A kuma faɗi gaskiya game da sukari. Masu ciwon sukari sun yi yawa a cikinmu yanzu, hakkinsu ne su san ko sukari aka sa, ko dabino, ko garin zaƙin nan na kanti, ko ba a sa komai ba. Wadda take yin nau'i biyu ta bambanta su da launin murfi.

Abu biyu ne ba mu so mu gani ko da wasa. Na farko lambar NAFDAC ta ƙarya, ko wadda aka kwafo daga jikin ledar ruwa. Wannan laifi ne da ke kai mutum gaban alƙali, kuma kwalbar da ba ta da lamba sam ta fi mai lambar aro mutunci. Na biyu shi ne mai da zoɓo magani. Gaskiya ne masana sun gano yana ɗan sassauta hawan jini, amma daga ranar da aka rubuta "yana maganin hawan jini da basir da shawara", wani bawan Allah zai ajiye ƙwayar da likita ya ba shi ya rungumi kwalba, alhakinsa kuwa yana wuyan mai rubutun.

Takarda kuma ba ta wanke kwalba. Robobin da ake tsintowa daga wurin biki da tasha, wasu har daga harabar asibiti, ba su cancanci a sa musu sunan kowa ba. Ana sayar da sababbin robobi da murfi mai zobe a kasuwannin Kano, wanda mai saye zai ji ƙarar ɓallewarsa da kansa. Takardar ma a nemi mai santsi irin ta leda, don ta gama-gari tana shiga kular ƙanƙara take jiƙewa ta saɓule. Wadda ƙarfinta bai kai ba ta buga a farar takarda, guda takwas ko goma a shafi ɗaya, ta yanka da almakashi, ta lulluɓe da farin salatif mai faɗi. Kuɗin zai ɗan ƙaru a kan kowace kwalba, ba mu musa ba, shi ya sa ba mu ce 'yar tallar da ke zaga unguwa da kwalba 20 ta fara gobe ba. Maganarmu ta fi shafar masu kai wa shaguna da makarantu da wuraren biki da walima, inda mai saye ba ya ganin fuskar mai dafawa.

A nan kusa da mu, a kasuwar Dawanau ta ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, ake tara busasshen zoɓo ana tankaɗe shi ana ɗura shi a buhu zuwa ƙasashen waje, musamman Meziko, inda suke jiƙa shi su sha da sanyi kamar yadda muke yi. A Masar da Sudan sunansa karkade, a Senegal bisab. Ayar da ake nomawa a yankin Maraɗi tana kaiwa har Sifaniya, inda mutanen Balansiya suke yin nasu kunun ayan, suka kuma yi wa ayar yankinsu rajista da tambari don kada a haɗa ta da ta wani. Su suna sayar da suna, mu muna sayar da buhu a farashin da dillali ya yanka.

Rajistar NAFDAC tana bukatar ɗaki na musamman da ruwa mai tsafta da rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, abin da mace ɗaya a cikin gidan aurenta ba za ta iya ba. Ƙungiya kuwa za ta iya. Shawarar da muke miƙa wa Shugaba ita ce a ware ɗaki ɗaya kusa da rijiyar burtsatse, a haɗa mata goma ko goma sha biyar a ƙungiyar gama kai, a yi musu suna ɗaya da tambari ɗaya, kowace a ba ta harafinta da za a riƙa rubutawa gefen kwanan wata, yadda idan an sami kuskure za a san tukunyar da ya fito. 'Ya'yanmu da ke karatu a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta su kawo zane uku lokacin hutu, a baje su a gaban matan, su zaɓa da kansu, tunda su za su ɗauki kayan. Muna roƙon sakatare ya sa wannan batu cikin ajandar zaman kwamitin mata na gaba, a kuma wakilta mutum biyu su je ofishin NAFDAC na Kano su jiyo sharuɗɗan da kunnensu kafin watan Sha'aban.