Karan Gaba da Karan Baya: Lacca a Kan Adireshin Fayil



Maganata ta yau a kan alama ɗaya ce tak, ɗan karan nan da ke raba sunan folda da sunan fayil. Linux da macOS suna amfani da wanda ya karkata gaba, wato /. Windows kuwa na baya ta riƙe, wato \. Wani zai ce wannan ma har ya isa a tara mutane? To, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Saɓanin tsoho ne. Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs ta Amurka a 1969, karan gaba ta ɗauka. Ita kuwa MS-DOS ta farko, da ta fito a 1981, ba ta da foldoji sam, kuma an riga an ba karan gaba aikin nuna zaɓin umarni, kamar a DIR /W. Da DOS ta biyu ta zo da foldoji a 1983, sai aka tarar karan gaba yana da aiki, aka ɗauko na baya. Windows ta gada, mu ma muka gada.

Inda gizo ke saƙar shi ne, a harshen C da duk harsunan da suka bi sawunsa, karan baya yana da wani aikin dabam. Idan ka rubuta "C:\new\table" a cikin manhajarka, kwamfuta ba adireshi za ta gani ba: \n a wurinta umarnin sauka sabon layi ne, \t kuma umarnin tsallaka fili. A Python 3, "C:\Users" kaɗai ya isa ya hana manhajar tashi.

Yanzu ga wanda ke rubuta laburaren da wasu za su ɗora aikinsu a kai, shawarata ɗaya ce, sauran duk rassanta ne: adireshin fayil ba jimla ba ce da za ka yanka ka liƙa yadda ka ga dama. Kada ka haɗa shi da hannu. Masu harsunan sun riga sun yi mana wannan wahalar. Python tana da os.path.join, ta kuma ƙaro pathlib a 2014. Java ta kawo Path a 2011. Go ma fakiti biyu ta ware: path domin adireshin da karan gaba kaɗai ya sani, filepath domin fayilolin da ke kan na'ura.

Wannan rabon na Go shi ne nake so ku riƙe da kyau, domin adireshi iri biyu ne. Akwai wanda zai zauna a kan na'ura, sai ya bi al'adar na'urar. Akwai kuma wanda zai yi tafiya: cikin ZIP, cikin Git, cikin adireshin intanet. Mai tafiya karan gaba ya kamata ya ɗauka. Ƙa'idar ZIP ta faɗi haka ƙarara, amma ba kowa ya bi ba. Ɗauki ƙunshin da aka haɗa a Windows da karan baya, ka buɗe shi a Linux da manhajar da ba ta gyara wannan. Maimakon foldar hotuna da foldar biki a cikinta, fayil guda za ka gani a zube, sunansa hotuna\biki\1.jpg. Ita kanta Microsoft sai a .NET Framework 4.6.1 ta sauya wannan hali a laburarenta.

Na san dabarar da ke zuwa wa mutum da sauri: a bi adireshin a mayar da duk karan baya ya koma na gaba, a huta. Gaskiya ne Windows tana karɓar karan gaba a mafi yawan wurare. Amma adireshin da ya fara da \\?\ ba ta juya masa komai. A Linux kuma karan baya halattaccen harafi ne a sunan fayil, idan ka sauya shi ka ɓata sunan fayil ɗin wani. Sai ka san daga inda adireshi ya fito kafin ka taɓa shi.

Abin bai tsaya a ɓacin rai ba, har da tsaro. Ɗigo biyu da kara, wato ../, yana nufin a koma folda ta baya. Mai mugun nufi zai jera su a sunan fayil domin ya fice daga foldar da ka keɓe masa. Idan laburarenka ../ kaɗai yake tarewa, a Windows zai shigo maka da ..\ ya wuce abinsa. A 2018 kamfanin Snyk ya fallasa irin wannan ɓaraka a laburarori masu yawa na buɗe ƙunshin fayiloli, ya raɗa mata suna Zip Slip. Ko os.path.join ɗin da na yaba tana da nata tarkon: idan ka ba ta "taska" da "/etc/passwd", watsi za ta yi da taska ta miƙo maka /etc/passwd. Maganin shi ne ka warware adireshin gaba ɗaya tukuna, sannan ka tabbatar har yanzu yana cikin foldar da ka yarda da ita.

Ɗalibai, da yawanku a Windows kuke rubutu, amma sabar da za ta ɗauki aikinku galibi Linux ce. "Ai yana aiki a kwamfutata" ba hujja ba ce. Kafin ku saki laburare, ku gwada shi a Windows da Linux da macOS, ku kuma rubuta wa masu amfani da shi irin adireshin da yake karɓa da irin wanda yake mayarwa.