Makunnan Kariya a Manyan Esi: Dalilin da Ya Sa Bai Kamata a Tsallake Su Ba



Sashen babbar esi da ake girkewa a waje, a rufin banki ko bayan otal ko asibiti, ginshiƙansa uku ne: kwamfireso, koyil ɗin kwandansa da fanka. Amma a akwatin wutarsa akwai ƙananan kaya da ke yanke lokacin da zai tashi da lokacin da zai tsaya: makunnin hauhawar matsi, makunnin faɗuwar matsi, taima mai jinkirta tashi, da na'urar lura da layukan wuta uku. Matsayin wannan takarda shi ne, duk sanda ɗayansu ya katse wuta, a fara ɗauka aikinsa ya yi, sai awo ya nuna akasin haka. Wanda ya sa guntuwar waya ya tsallake shi, ko ya murɗa saitinsa da ka, kamar mutumin da ya kori mai gadi ne don ihunsa ya hana shi barci.

Mu fara da hauhawar matsi, domin nan aka fi yin ɓarna. Kwandansa ba ya iya fitar da zafi sai gas ɗin cikinsa ya fi iskar waje zafi, galibi da digiri 10 zuwa 15. Ranar da Sakkwato ko Maiduguri ta kai digiri 43 a watan Afrilu, gas ɗin yana komawa ruwa ne a wajen digiri 55. A wannan zafin, geji zai nuna kusan psi 300 idan gas ɗin R-22 ne, kusan psi 480 kuwa idan R-410A ne, alhali makunnin R-410A yakan yanke a tsakanin psi 600 da 650. Tazarar da ta rage ba ta wuce ƙarin digiri goma da ɗoriya ba. Ƙurar hunturu da ta daskare tsakanin siraran faifan koyil har hasken tocila ba ya ratsawa, ko kafasitar fanka da ta raunana, ko katangar da ke mayar da iska mai zafi cikin na'urar, kowanne ya isa ya cinye wannan tazara. In aka tsallake makunnin, matsin ba inda ya je. Man kwamfireso ne zai dahu, nadin wayar motarsa ya bi baya.

Faɗuwar matsi ma haka take, sai dai ɓarnarta a ɓoye. Gas mai sanyi da ke dawowa shi ke sanyaya motar rufaffen kwamfireso, shi kuma ke dawo masa da mai. Idan gas ya tsiyaye aka tilasta wa injin ci gaba, zai yi aiki da zafi da ƙarancin mai. Ita kuwa taima, mintuna uku zuwa biyar da take riƙewa domin matsin ɓangarorin biyu ya daidaita ne, kuma a ginin da ake juyawa tsakanin wutar gari da janareta sau da yawa a yini, babu abin da ya kai ta amfani. A wuta mai layi uku, bambancin kashi 3 cikin 100 tsakanin layuka yana ƙara zafin mota da wajen kashi 18, kuma in aka musanya layi biyu bayan gyaran janareta, kwamfireso irin na sukurol zai juya da baya.

Wasu abokan sana'a suna cewa masana'antu don ƙasashe masu sanyi suka yi saitin makunnan, don haka dole a ɗaga shi a nan. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: ma'aunin ISO 5151 yana gwada ajin T1 a digiri 35, ajin T3 kuma a digiri 46, kuma na'urar T1 tana wahala a bazararmu. Amma iyakar da makunnin ke tsarewa ta ƙarfin kwamfireso ce da bututu, kuma ƙarfe ba ya ƙara juriya don an kawo shi Kano. Maganin shi ne wanke koyil da ruwa daga ciki zuwa waje, buɗe wa iska hanya, yin rumfar da ba ta toshe fanka ba, da kuma ba mai gini shawarar T3 tun lokacin saye.

Hujjarsu ta biyu ta fi nauyi: makunnin kansa yana lalacewa, ga mai gida tsaye yana cewa a ba shi sanyi yanzu. Gaskiya ne, amma gano hakan aikin mintuna ne. A ɗaura geji, a cire wayar fanka, ido na kan allura hannu na kan babban makunni. Idan makunnin matsin ya yanke a adadin da masana'anta ta rubuta, lafiyarsa ƙalau, idan allura ta kai wurin bai yanke ba a kashe nan take a sauya shi. Na faɗuwar matsi ana gwada shi da rufe bawul ɗin layin ruwa a hankali. In mai saiti ne, a kula da ratar da ke tsakanin yankewa da dawowa, domin in ta yi kaɗan injin zai dinga tashi yana mutuwa. Matsin lambar mai gida kuwa, farashin makunni da na kwamfireso za a ajiye masa gefe da gefe.

Akwai kuma sauyin gas. Ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1987, ƙasashe masu tasowa za su kusan kammala barin R-22 a 2030, don haka rufi ɗaya yana iya ɗaukar tsohuwar na'ura mai R-22 da sabuwa mai R-410A. Makunnin R-22 a kan R-410A zai dinga yankewa ba dalili, na R-410A a kan R-22 kuwa ba zai yanke ba sai an yi asara. Saboda haka kowace na'ura tana bukatar kati a cikin murfin akwatinta, ɗauke da nau'in gas, adadin yankewa da dawowa, amfiya da ranar awo.