Kalmar "Bature" a Birnin Kano

Hausa kan gina sunan mutumin wuri da ɗafa-goshin "ba-", na jama'arsa kuwa da ɗafa-ƙeyar "-awa": Bakano, Kanawa, Banufe, Nufawa. To, amma suna yakan tashi daga kan masu shi. A cikin ganuwar Kano akwai unguwar Dandalin Turawa, kuma Turawan nan Larabawa ne, fatake daga Gadamus da Tarabulus. Bayan da sojojin Ingila suka ci Kano a 1903, sai sunan ya tsaya a kansu. Daga bisani har ya zama na muƙami, aka sami Baturen Gona da Baturen Makaranta, ko da kuwa Bakano ne a kujerar. Ɗan unguwar da ba a faɗa masa wannan ba sai ya zaci Nasara ne suka kafa ta.