Kashi na 18: Hosfot ɗin kwamfutarka ya daina aiki? Dakata, kada ka yi fomatin tukuna

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba za ta ɗauki sauraro ba.

Yau maganar hosfot ɗin kwamfuta za mu yi, wato yadda laftof ke raba intanet ɗinta ga wayoyi da sauran kwamfutoci. A ɗakin ɗalibai, ko shagon buga takardu, ko ofishin ƙaramar ƙungiya, sau da yawa modem guda ne ko waya guda ta intanet, kowa da ita ya dogara. Ranar da hosfot ya ƙi tashi, mai cike fom ɗin neman aiki ya tsaya, mai tura furojet ya tsaya. Abin da ya fi damuna shi ne shawarar farko da ake ba mutum: "A yi mata fomatin kawai." Ka biya kuɗi, ka yi asarar fayilolinka, a kan matsalar da galibi ba ta wuce minti goma ba.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki. Microsoft ta saka wannan tsari a cikin Windows 10 a shekarar 2016, yana nan kuma a Windows 11. Idan Windows 7 ce a kwamfutarka, kada ka wahalar da kanka da nema a cikin saiti, babu shi. Katin Wi-Fi guda ne a cikin laftof, amma da ka kunna hosfot sai Windows ta ƙirƙiro wani kati na biyu na manhaja, wanda shi ne yake watsa sigina. Sannan akwai wata hidima da ke aiki a bayan fage, ita ke ɗauko intanet daga inda yake shigowa ta miƙa wa wannan katin, ita ke kuma ba kowace waya adireshinta. Kenan wurare uku ne abin zai iya lalacewa: mashigar intanet, katin da ke watsawa, ko hidimar da ke haɗa su. Mai gyara na gari yana fara tambayar ina ne ke ciwo.

To, kafin komai, buɗe burauza a kwamfutar ka gani ko ita kanta tana da intanet. Wallahi mutane da yawa suna faɗa da hosfot alhali data ce ta ƙare. Wanda bai da shi ba ya bayarwa. Idan akwai intanet, ka kashe VPN in kana amfani da shi, ka tabbatar ba a yanayin jirgin sama take ba, sannan ka sake tayar da kwamfutar. A kula, Restart za ka danna. Kashewa da kunnawa na yau da kullum a Windows 10 da 11 ba ya wanke komai da komai, saboda tsarin saurin tashi da ke ajiye wani ɓangare na abin da ke gudana.

Yanzu mu bi alamomin ɗaya bayan ɗaya.

Alama ta farko: ka danna maɓallin, ya ƙi kunnuwa, ko ya rubuto maka cewa ba zai iya saita hosfot ba. Nan katin ake zargi. Danna maɓallin Windows tare da X, ka zaɓi Device Manager. A sama akwai View, ka shiga ka zaɓi a nuna ɓoyayyun na'urori. Sai ka buɗe Network adapters ka nemi wanda aka rubuta Microsoft Wi-Fi Direct Virtual Adapter. Idan ka ga 'yar kibiya mai kallon ƙasa a kansa, a kashe yake, danna dama ka kunna shi. Idan a kunne yake, ka kashe ka sake kunnawa.

Bai yi ba? To direban katin ne, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ta fahimci katin. Wannan ya fi faruwa da kwamfutocin hannu da yawancinmu muke saya, waɗanda aka ɗora musu sabuwar Windows ba tare da direbobin kamfaninsu ba. Duba lambar samfurin a ƙarƙashin laftof ɗin, ka shiga shafin HP ko Dell ko Lenovo, gwargwadon wadda kake da ita, ka sauke direban Wi-Fi. Ka sauke sabon ka ajiye kafin ka taɓa tsohon, don kada ka wayi gari ba Wi-Fi ba hanyar saukewa. Idan kuma bayan wani sabuntawa ne matsalar ta fara, a cikin bayanan katin akwai wurin mayar da direba zuwa na baya.

Alama ta biyu: hosfot ya kunnu, amma wayar ba ta ganinsa. Wi-Fi yana da zango biyu da aka fi amfani da su, 2.4 GHz da 5 GHz. Ƙananan wayoyi da yawa, musamman tsofaffi, 2.4 kaɗai suke gani. Shiga saitin hosfot ɗin, danna Edit, ka mayar da zangon 2.4. Yana da ɗan rashin sauri, amma ya fi nisa kuma ya fi ratsa bango. Idan wayar tana gani amma ta ƙi shiga, ka sa ta manta da sunan, ka sake shigar da kalmar sirri. Ka kuma ƙirga mutanen da ke kai, don na'urori 8 kaɗai Windows ke ɗauka. Na tara sai dai ya jira.

Alama ta uku, wadda ta fi ba da haushi: wayar ta haɗu, amma ba intanet, ko ta tsaya tana ta neman adireshi. Nan hidimar rabawa ce ta yi barci. Danna Windows tare da R, rubuta services.msc, ka nemi Internet Connection Sharing, ka sake tayar da ita. Idan bai wadatar ba, ka bar hosfot a kunne, ka sake danna Windows da R, ka rubuta ncpa.cpl. Za ka ga duk hanyoyin sadarwar kwamfutar. Danna dama a kan wadda intanet ke shigowa ta cikinta, ko modem ne ko waya, shiga Properties, sannan Sharing. Saka alama a akwatin farko, wanda ke ba wasu izinin amfani da intanet ɗin, a ƙasansa kuma ka zaɓi Local Area Connection mai tauraro da lamba, shi ne hosfot ɗinka. Yadda za ka gane ya yi: duba bayanan Wi-Fi a wayar, adireshinta ya kamata ya fara da 192.168.137. Idan har yanzu shiru, ka dakatar da manhajar rigakafin bairos na ɗan lokaci ka gwada, wasunsu suna tare hanya. Da ka gama gwaji ka mayar da ita.

Alama ta huɗu: yana aiki, sai ya mutu da kansa. Windows tana kashe hosfot idan aka ɗan jima babu na'urar da ke kai, don ta tanadi batir. A shafin hosfot ɗin akwai maɓallin tanadin wuta, ka kashe shi. Sannan idan laftof ta yi barci, ko ka rufe murfinta, hosfot ya tafi. Ka ƙara lokacin barcin a saitin wuta, musamman lokacin da aka ɗauke wuta tana kan batir.

Idan duk ka bi waɗannan bai yi ba, akwai Network reset a cikin saitin sadarwa. Yana cire duk katunan ya mayar da su sabbi, kwamfutar ta sake tashi bayan minti biyar. Fayilolinka ba abin da zai same su, amma za ta manta duk kalmomin sirrin Wi-Fi da ta sani, don haka ka rubuta su tukuna. Sai bayan wannan ne ya kamata a yi maganar mai gyara. In ka je, ka gaya masa abin da ka riga ka gwada, ka ce ya duba katin kansa, don ana iya canza shi a laftof da yawa, akwai kuma ɗan ƙaramin na USB.

Saura magana guda, ta aljihu. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, kowa ya ji a jikinsa. Waya kuwa da ta ga Wi-Fi sai ta ɗauka kyauta ne: ta hau sabunta manhajoji, ta hau tura hotuna da ajiyar WhatsApp. Wayoyi biyar su yi maka haka, datar wata ta tafi a kwana uku. Ka roƙi duk wanda ka ba wa ya saita Wi-Fi ɗin a matsayin mai awo a wayarsa, kai ma ka yi haka a Windows. Kalmar sirri kuma, harafi takwas ne mafi ƙaranci, kada ta zama 12345678. Shafin hosfot yana nuna maka sunayen na'urorin da ke kai. Ka ga baƙo, ka canza kalmar.

'Yan uwana mata masu shagon buga takardu da masu karatu, ku ma wannan naku ne, kada ku jira sai yayanku ya dawo. Ku buɗe kwamfutar yanzu ku nemo wuraren nan tun tana lafiya, ranar da ta ƙi ba za ku rikice ba. Wanda ya gwada ya yi masa, ya koya wa na kusa da shi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake gane manhajar da ke shanye data a waya.