Daga Akwatin Rediyo Zuwa Allon Bango: Rumbun Sauti da Hoto a Gidajen Sabon Tasha



Gabatarwa

Wanda ya ƙetare Kogin Kaduna da almuru, ya bi hanyar Kachiya, ya wuce Barnawa da unguwar da ake kira Television har ya isa Sabon Tasha, in ya leƙa falon wani ma'aikaci zai iya tarar da abin da yanzu ya zama ruwan dare. Maigida da uwargida da 'ya'yansu suna zaune a ɗaki guda, amma kowa ya sunkuyar da kai kan wayarsa, ba mai sanin abin da ɗan'uwansa yake kallo. A cikin kabad kuwa ga kaset ɗin bikin auren masu gidan, ya shekara ashirin ba a kalle shi ba, domin na'urar da za ta juya shi ta daɗe da mutuwa. Hasara biyu ke nan a ɗaki ɗaya, watau ta zaman tare da ta tarihin gida. Wannan lacca za ta duba wata dabara da ke iya rage su duka biyu: a tara finafinai da waƙoƙi da hotunan iyali a cikin ƙaramar kwamfuta guda, wadda a nan za a kira rumbun gida, sa'an nan a kafa allon gilashi a bango wanda da taɓawar yatsa ake sarrafa rumbun.

Akwatin farko a bango

Ba yau ne aka fara rataye na'urar sauraro a bangon gida a ƙasar nan ba. A 1935 Gwamnatin Mulkin Mallaka ta buɗe rediyo mai waya a Ikko, a 1944 kuma aka buɗe irinsa a Kano, daga baya ya bazu zuwa waɗansu garuruwan Arewa. Yadda abin yake shi ne, ana jawo waya daga tasha zuwa gidan mutum, a rataye masa akwatin katako mai lasifika, shi kuma ya riƙa biyan kuɗin haya. Iyakar ikonsa a kan akwatin nan shi ne ya ƙara murya ko ya rage ta. Zaɓin abin da za a ji yana hannun hukuma. Duk da haka akwatin ya yi wani amfani da ba a cika lura da shi ba, domin kuwa da yake a kafe yake wuri guda, tilas mai son ji ya zo inda jama'a suke.

Daga nan aka yi ta samun canji. An buɗe gidan talabijin na farko a Badun a 1959, Gwamnatin Jihar Arewa kuma ta kafa Gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna a 1962. Bidiyo ya shigo, har ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, wanda galibi daga kansa ake ƙirga tarihin finafinan Hausa na kaset. Faifan CD ya kori kaset. Wayar hannu ta iso a 2001, ba a jima ba memori da shagunan masu tura finafinai suka kori faifan shi ma. Kowane mataki ya ƙara wa mutum 'yancin zaɓi, amma kuma na'urar ta yi ta ƙanƙancewa har ta bar bango ta koma aljihu, kallo ya zama sha'anin mutum shi kaɗai.

Yadda rumbu da allo suke aiki

Tsarin yana da sassa huɗu. Na farko shi ne rumbun kansa, watau kwamfutar da ake bari a kunne tare da faifan ajiya. Tsohuwar kwamfutar ofis ta isa, haka nan 'yar ƙaramar nan mai suna Raspberry Pi da aka fara sayarwa a Ingila a 2012, wadda girmanta bai wuce tafin hannu ba. Faifai mai cin terabait 1, watau gigabait 1,000, zai ɗauki finafinai 500 in kowane ɗaya gigabait 2 ne. Na biyu shi ne manhajar da ke jera kayan rumbun, ta sa wa kowane fim suna da hoto. Sanannu a cikinsu su ne Plex, da Kodi wadda ta samu wannan suna a 2014, da Jellyfin da ta fito a 2018. Na uku shi ne na'urar da ke haɗa kayan gidan da juna ta iska, wadda ake kira waifai. Na huɗu shi ne allon bango.

Asalin irin wannan allo ya girmi yawancin ɗaliban da ke wannan zaure. Wani injiniya mai suna E. A. Johnson ne ya bayyana dabarar a 1965 a cibiyar binciken na'urar hango jirage da ke Malvern a Ingila, domin amfanin masu kula da zirga-zirgar jiragen sama. Amma bai shiga hannun kowa da kowa ba sai bayan fitowar iPhone a 2007 da iPad a 2010. A ƙarƙashin gilashin akwai wani siririn shafi mai layuka a tsaye da a kwance, waɗanda ido ba ya gani, suna ɗauke da 'yar wutar lantarki. Jikin ɗan Adam yana ɗaukar lantarki, saboda haka da yatsa ya kusanci gilashin sai wutar wurin ta ɗan canja, na'urar kuma ta gane mahaɗar layukan da aka taɓa. Wannan ne dalilin da ya sa jiƙaƙƙen hannu yake rikita shi, sanda kuwa ba ta motsa shi.

Ya kamata a fahimci cewa fim ɗin ba a cikin allon yake ba. Allon ɗan aike ne kawai. In aka taɓa hoton wani fim, sai ya aika wa rumbun saƙo, rumbun kuma ya tura fim ɗin zuwa talabijin. Duk wannan zirga-zirga a cikin gida take, ba ta cin data ko ta kwabo. Mutanen Jihar Kaduna sun san darajar wannan, domin ba su manta da ƙarshen watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a waɗansu sassan jihar saboda matsalar tsaro, ba a buɗe ba sai a watan Nuwamba. A nan ma akwai bambanci tsakanin manhajojin. Plex bisa al'ada takan nemi mai ita ya shiga asusunsa ta intanet, Jellyfin kuwa a cikin rumbun take ajiye sunayen masu amfani da ita, ba ta neman izinin kowa daga waje.

Mai tambaya zai ce, tun da wayar hannu ma tana iya sarrafa rumbun, mene ne amfanin huda bango? Amfanin shi ne abin da aka kafe ba ya ɓata kamar rimot, ba a kuma shiga da shi ɗakin kwana. Wanda zai zaɓi abin kallo sai ya miƙe a gaban kowa ya zaɓa. Daɗin daɗawa, tsohuwar da ta zo daga Kachiya ko Zonkwa, wadda ba ta karanta Turanci, tana iya gane fuskar jikarta a hoton biki ta taɓa da kanta, ba sai ta jira yaro ya dawo daga makaranta ba.

Wuta, zafi da ƙura

Waɗanda suka ƙera kayan nan sun ƙera su ne a ƙasashen da wuta ba ta yankewa, saboda haka mai kafa su a Sabon Tasha sai ya yi nasa lissafin. Raspberry Pi da faifanta suna cin kimanin wat 10, na'urar waifai kimanin 10, allon kuma kimanin 5. Jimla wat 25 ke nan, watau yunit 18 a wata in ba a kashe su ba dare da rana. Ko a bisa farashin naira 225 kan kowane yunit, wanda aka yanka wa masu rukunin A a watan Afrilu na 2024, kuɗin bai wuce naira 4,050 ba. In aka gwada da kallon fim kai tsaye ta intanet, wanda yakan ci kimanin gigabait 1 a awa guda, musamman bayan da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a watan Janairu na 2025, za a ga cewa gida mai yara da yawa riba zai ci.

Wahalar tana wajen yankewar wutar. Faifan ajiya yana juyawa da gudu sosai, in wuta ta ɗauke yana tsakiyar rubutu, abin da ke cikinsa yana iya lalacewa, in ta dawo da ƙarfi kuma ta ƙone shi. Don haka batir da inbata, ko ƙaramin farantin sola, su ne farkon abin saye. Allon ma yana da nasa ciwon. Batirin da aka bari a jone kullum a cike, ga kuma zafin watan Maris da Afrilu, yakan kumbura har ya ɗaga gilashin. Maganinsa a tsayar da cajin a kashi 80 in allon yana da wannan dama, a kuma kafa shi nesa da taga da murhu. Da hunturu kuwa ƙura ce ke toshe kafofin iskar rumbun, sai an riƙa share su.

Abin da za a zuba a rumbu

Rumbu dai abin da aka zuba masa shi yake bayarwa. A nan ne maganar haƙƙi ta shigo. Kowa ya ga yadda kwafe finafinai ba da izini ba ya taimaka wajen karya kasuwar faifai, har masu shirya finafinan Hausa da yawa suka koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta shafi kwafin da ke cikin kwamfuta kamar yadda ta shafi na faifai. Wanda ya cika rumbunsa da fim ɗin da mai shi bai samu ko sisi a kansa ba, gumin wani ya ci, ko da allon nasa na zinariya ne.

Amma akwai dukiyar da ba mai jayayya da iyali a kanta, ita ce kuma ta fi shiga haɗari. Sabon Tasha, da ke Ƙaramar Hukumar Chikun, matattara ce ta Gbagyi da Bajju da Atyap da Adara da Ham da Ibo da Yarabawa da sauransu, Hausa kuma ita ce ke haɗa su a kasuwa da wuraren ibada. A gidajensu akwai kaset-kaset na aure da suna da jana'iza, da waƙoƙin ƙungiyoyin zumuntar mata, da muryoyin tsofaffi suna magana da harsunan da jikokinsu ba su iya sosai ba. Bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 iyalai da yawa, Musulmi da Kirista, sun ƙetare kogin nan, waɗansu zuwa kudu waɗansu zuwa arewa, da abin da hannu ya iya ɗauka kaɗai. Ana iya sake sayen kujera da gado, amma hoton mahaifin da ya rasu ba shi da kasuwa. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da laima, kamfanin Funai na Japan kuma, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyo ta kaset, ya daina a 2016. Duk kaset ɗin da ba a juye shi cikin kwamfuta ba yanzu, nan gaba kaɗan ba za a samu abin juye shi ba.

Juyewar ma ba ta wadatar ba, domin faifan ajiya shi ma yana mutuwa, sau da yawa ba tare da gargaɗi ba. Ƙa'idar masu adana kayan tarihi ita ce a yi kwafi uku, a ajiye su a na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki kuma ya kasance a wani gida dabam, alal misali wurin ɗan'uwa a ƙauye.

Saura maganar yara. Manhajojin nan suna ba da damar a buɗe wa kowa shafinsa, a kulle na manya da lambar sirri. Wannan taimako ne, amma iyaye kada su ɗauka na'ura za ta yi musu tarbiyya, domin yaron da aka kulle wa rumbu yana da wayar abokinsa. Abin da allon bango yake iya yi shi ne ya mai da kallo fili, inda uba zai ga abin da ɗansa ya zaɓa, ɗan ma ya ga na uban, a yi musu, a yi dariya, a tambayi kaka ko wane ne wancan mai babbar riga a hoton.

Kammalawa

Ga ɗalibai, musamman masu koyon aikin lantarki da kwamfuta, akwai sana'a a nan: juye tsofaffin kaset, da haɗa rumbu, da kafa allo da batirinsa. Ga ma'aikatan hukuma kuwa, dabarar da ta yi aiki a falo za ta yi a makarantar da intanet bai kai ba, da ɗakin karatu, da asibitin karkara, inda rumbu guda zai ɗauki darussa masu yawa. Akwatin 1944 ya tara jama'a wuri ɗaya, amma hukuma ce ke zaɓa musu abin ji. Wayar hannu ta ba kowa zaɓinsa, ta kuma watsa taron. Allon bango dama ce ta a haɗa zaɓin da taron, muddin mutanen gidan sun ɗauki nauyin abin da suka zuba a rumbunsu. Wanda yake da kaset a kabad, ya fara da shi tun kafin damina mai zuwa ta ƙara masa laima.